Wace rauta ce ta dace da mai son shiga kwamfutocin gidansa daga nesa?

Kafin ka kashe ko sisi, buɗe shafin saitin rautar da kake da ita (router, na'urar da ke raba intanet a gida) ka duba adireshin da ke ƙarƙashin WAN, wato ɓangaren da ke fuskantar intanet, sannan ka gwada shi da wanda shafukan duba adireshin IP suke nuna maka. Idan sun zo ɗaya, madalla. Idan na rautar ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kana bayan CGNAT ke nan, wato kamfanin intanet ya tara gidaje da yawa a kan adireshi guda, kuma duk saƙon da ya taso daga waje a wurin kamfanin zai tsaya. Intanet na 4G da 5G galibi haka yake. Babu rautar da ke warware wannan komai tsadarta, sai dai ka nemi kamfanin ya ba ka adireshi naka na fili. Idan kuma ya fara da 192.168, na'urar kamfanin ce ta tsaya gaban rautarka, sai a mayar da ita gada kawai (bridge mode), ko a sa ta miƙa ƙofar da ake buƙata (port, wato lambar da saƙo ke shigowa ta kanta) zuwa rautarka.

Hanyar da aka fi koya wa mutane ita ce buɗe ƙofa ta 3389, ta Remote Desktop mai nuna allon kwamfuta daga nesa, a rauta a nufe ta ga kwamfutar Windows. Kada ka yi. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai laluben wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri, kuma ɓarakar BlueKeep ta 2019 ta nuna ana iya kutsawa tsofaffin Windows ta nan ba tare da kalmar sirri ba ma. Ƙofa ta 445 ta raba fayiloli ta fi muni, ta nan WannaCry ya bazu a 2017. Sauya lambar zuwa wata mai tsawo jinkiri ne kawai. TeamViewer da AnyDesk kuwa allon kwamfuta ɗaya suke ba ka, ta hanyar sabar wasu. Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ba tare da buɗe ƙofa ba, shi ne mafita mai kyau ga wanda CGNAT ya ɗaure, amma sai da asusu a wajen kamfanin Tailscale ɗin.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne rautar da ita kanta za ta zama sabar WireGuard, wani nau'in VPN, wato rufaffiyar hanya tsakanin na'urarka da gida. Ƙofa ɗaya tak ake buɗewa, UDP 51820 bisa al'ada, kuma ƙofar ba ta amsa wa kowa sai mai makullin da aka yi wa rajista. Mai lalube daga waje ba ya ma sanin akwai wani abu a wurin. Da zarar ka shiga, wayarka ko laftof ɗinka ya zama tamkar yana cikin gida: kwamfutoci, firinta, ma'ajiyar fayiloli, kyamarori, duk kana kai musu ba tare da an buɗe wa ko ɗayansu ƙofa ba. Jason Donenfeld ne ya ƙirƙiro shi, ya shiga cikin Linux 5.6 a 2020, kuma ƙanƙantarsa ta sa ko ƙaramar rauta tana ɗaukarsa da sauri fiye da OpenVPN, wani VPN da ya riga shi. Idan waya ta sauka daga Wi-Fi ta koma data, haɗin ba ya yankewa. PPTP, tsohon VPN da ke cikin tsofaffin rautoci, an karya shi tun 2012, a bar shi a kashe.

Ana samun WireGuard a rautocin GL.iNet, waɗanda aka gina a kan OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta, kuma su ne mafi sauƙin saiti, da MikroTik daga RouterOS 7, da FRITZ!Box daga FRITZ!OS 7.50, da sababbin ASUS. MikroTik na da ƙarfi sosai amma ba ta lallaɓa sabon shiga. Idan OpenWrt za ka ɗora da kanka, kada ka karɓi ƙasa da ma'ajiya megabait 16 da RAM megabait 128. Yawan eriya ba shi da alaƙa da wannan aiki. Abin dubawa shi ne ƙarfin firosesa, da saurin WireGuard da kamfanin rautar ya rubuta, da kuma saurin turawa na layin gidanka, domin shi ne iyakarka idan kana waje. Megabit 5 ya isa aikin allo, kwashe manyan fayiloli kuwa yana son fiye da haka.

Saitin ba shi da tsawo. Fara da sauya lambobin cikin gida daga 192.168.0 ko 192.168.1 zuwa wani abu kamar 192.168.73, saboda otal da ofis da yawa suna amfani da waɗancan, kuma idan suka yi karo za ka ga an haɗu amma ba ka kai wa komai. Ɗaure kowace kwamfuta da adireshi guda a sashen DHCP, inda rauta ke raba wa na'urori adireshi. Kunna DDNS, wanda ke ba gidanka suna tsayayye a intanet, domin adireshin waje yana sauyawa: DuckDNS kyauta ne, na No-IP na kyauta kuma sai ana sabunta shi duk kwana 30, wanda ya manta sai ya tarar an rufe. Yi wa kowace na'ura makullinta daban, ka ɗauka da lambar QR. Sannan ka gwada da datar waya, ba da Wi-Fi na gidan ba. Idan an haɗu amma shafuka suna maƙalewa, rage MTU, wato girman ƙunshin bayanai a saitin WireGuard, daga 1420 zuwa 1280. Ka kuma tuna Windows Home ba ya karɓar Remote Desktop, sai Pro. Tayar da kwamfutar da ke kashe yana buƙatar kebul, kuma saƙon tayarwar, wato Wake-on-LAN, ba ya ratsa WireGuard, don haka nemi rautar da ke da maɓallin tayarwa a shafinta.

Yanzu ga inda ake cutar masu saye. Kalmar VPN a jikin kwali ba ta nufin komai. Sau da yawa “VPN Passthrough” ake nufi, wato rautar tana barin VPN na wani ya wuce ne kawai. Wasu kuma “VPN Client” ne, na fita waje, ba na shigowa gida ba. “VPN Server” kake nema, da sunan WireGuard ƙarara, kuma a littafin na'urar da ke shafin kamfanin, ba a bakin mai shago ba. Kada ka yi cinikin biri a sama: juya rautar ka karanta takardar da ke ƙasanta, domin suna ɗaya kan zo da V1 da V2 da V3, kayan cikinsu daban, wata tana ɗaukar OpenWrt wata ba ta ɗauka. Rautar da ke ɗauke da tambarin kamfanin intanet yawanci an kulle saitinta. Wadda aka daina yi wa gyaran tsaro kuwa ko kyauta aka ba ka tsada ce. Muguwar manhajar VPNFilter ta kama rautoci aƙalla 500,000 a 2018.

Rauta ta hannu ta fi haɗari, don ba ka san abin da aka dasa a cikinta ba, kuma danna maɓallin sake saiti ba ya goge gurɓatacciyar manhaja. Sauko da manhajar daga shafin kamfanin, gwada lambar tantancewarta ta SHA-256 da wadda kamfanin ya wallafa, ka ɗora sabuwa. Manhajar WireGuard ma daga wireguard.com ko rumbun manhajoji na hukuma kaɗai, akwai jabu masu suna kusa da nata. Idan wani ya kira ka ya ce daga kamfanin intanet yake, ka sa manhajar shiga daga nesa ya gyara maka rauta, ɗan damfara ne, katse kiran. Idan ma'aikaci ne ya yi maka saitin, bayan ya tafi ka sauya kalmar sirrin rautar, ka kashe UPnP mai buɗe ƙofofi da kansa, da shiga shafin saiti daga waje, ka goge makullan da ya yi ka yi sababbi da hannunka, domin duk mai kwafin fayil ɗin saiti yana iya shiga gidanka. Haka kuma ranar da waya ta ɓata, makullinta za ka fara gogewa daga rautar.