Kana son haɗa ƙaramar hasumiyar Jamestown a kan tebur? Karanta kafin ka shiga kasuwa

Jama'a masu son haɗa ƙaramin samfurin hasumiyar fitilar teku, irin ta Jamestown da ke Accra mai ja da fari, da bakin ruwa da kwale-kwale da komai, don Allah kafin ku kwashi kuɗi ku nufi kasuwar Makola ku fara tsayar da girman da kuke so, don sauran kaya duk shi za su bi. Hasumiyar da ke tsaye yanzu a shekarun 1930 aka gina ta, a madadin wata ta 1871, tsayinta mita 28. To in ka ɗauki ma'aunin 1:100 santimita 28 kenan, kowace mita santimita ɗaya, lissafi ba ciwon kai. Akwai 1:87 na masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, suna ce masa HO, shi zai ba ka kusan santimita 32, kuma ƙananan mutane da motoci na wannan girman sun cika intanet. 1:50 kuwa santimita 56 ne, kyau kam akwai kyau, amma bakin tekun zai cinye tebur gaba ɗaya, wa ke da wannan filin a ɗakunan Nima ko Mamobi? Ni dai 1:100 zan ce ka ɗauka.

Waɗanda ake sayarwa a shirye cikin kwali daga waje, a manta da su. Yawanci hasumiyoyin Amurka da Turai ne, ka biya kuɗin kaya ka biya na jigila, a ƙarshe abin bai yi kama da gaɓar tekunmu ba.

Jikin hasumiyar hanya uku ce. Kwali shi ya fi araha kuma yaro ma zai iya naɗe shi, amma iskar Accra akwai danshi, musamman da damina, sai ka ga ya yi laushi ya karkace, fenti ma in ya sha sai ya kumbura. Fayif ɗin ruwa na PVC ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, cikinsa rami ne sai ka zura wayar fitila hankali kwance, guntu ma za ka samu wajen masu aikin famfo, sai dai ka goge shi da sanfefa tukuna in ba haka ba fenti ba zai kama ba, kuma daga ƙasa har sama faɗinsa ɗaya ne. Na ukun shi ne katakon icen da ake kira wawa a Timber Market, wato kasuwar katako, mara nauyi, mai saukin sassaƙa, ka kai wa kafinta mai injin juya katako ya fitar maka da siffar yadda kake so har da barandar sama. Shi ya fi kyau amma sai an huda tsakiya saboda waya. Mai farawa ya ɗauki fayif. Guntayen wawa kuma ka saya ko yaya, don da shi za ka sassaƙa kwale-kwalen, dama ainihin na masunta ma da wannan icen ake sassaƙa su, ka yi musu fenti kala-kala da 'yan tutoci, nan ne duk wanda ya gani zai ce lallai Jamestown ce.

Ƙasan kuma, falle ɗaya na filawud, a kai ka jera farin soson nan da ake saka wa firij da talabijin a kwali, kyauta ne a shagunan kayan wuta. A kula, fentin fesawa da supa gulu narkar da shi suke yi nan take, farin gam na kafintoci kawai za ka sa. Sai ka shafe shi da POP na masu silin, ya bushe ka kankare da wuƙa ya zama dutse ko katanga, in kana da fili ka ɗan nuna bangon James Fort, tsohon sansanin Turawa, a gefe tunda maƙwabta ne. Yashin bakin teku kar ka zuba shi haka, akwai gishiri yana jan danshi, wanke shi ka shanya ka tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, don a 1:100 ƙwayar yashi mai milimita 1 dutse ne mai santimita 10.

Ruwa shi ne inda mutane ke ɓarnar kuɗi. Kowa ya ga bidiyo a YouTube an zuba ruwan resin ya daskare garau kamar gilashi sai ya ce shi ma shi zai saya. Resin yana da tsada, kwalba biyu ne sai ka auna daidai ko ya ƙi bushewa ya yi ta danƙo, yana ɗaukar zafi in ka zuba da kauri, ƙaramar ɓula ya samu zai tsiyaye ƙasa, kuma in rana na dukansa a hankali sai ya koma ruwan ɗorawa. Sannan tsakani da Allah tekun Jamestown ba garau take ba, igiyar ruwa ce da kumfa da ruwa mai duhu-duhu. Saboda haka takardar bayan gida da farin gam da ka sirka da ruwa sun fi dacewa, ka shimfiɗa ta hawa-hawa ka riƙa turawa da buroshi tana tattarewa ta zama igiyar ruwa, ta bushe ka yi fentin akirilik shuɗi da kore da ɗan ruwan ƙasa kusa da gaɓa, ka ɗiga fari a kan igiyoyin, ka rufe da banish mai sheƙi. Resin sai in tafki mai kwanciya za ka yi.

Fitila kuma Zongo Lane za ka je, layin masu sayar da kayan wuta. Ƙaramin kwan LED da batirin CR2032 mai bolt 3 ya isa, amma batirin ba ya daɗewa. Gara ka sa wayar USB mai bolt 5 da rizista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta kar ta ƙona fitilar, ka jona da caja ko pawa bank in an ɗauke wuta, ka gaya wa mai shagon girman kwan zai zaɓo maka rizistan da ya dace. Ka gwada ta tana kamawa kafin ka liƙe saman hasumiyar da gam.