Inshorar Tafiya da Na Saya a Ikeja da Yadda Ta Yi Mini Aiki a Jamus

Mu 'yan kasuwar Legas masu zuwa Turai sarin motoci da kayan gyaransu, yawancinmu muna kallon inshorar tafiya a matsayin takarda ɗaya cikin tarin takardun da ofishin jakadanci ke nema. Dokar bizar Shengen, wato bizar shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai da dama, ta wajabta ta, kuma dole ta iya ɗaukar nauyin jinya da mayar da mutum gida har na aƙalla Yuro 30,000. Tawa na saye ta a hannun wani wakilin tafiye-tafiye a Ikeja, wanda ya miƙo mini ita yana cewa, "Alhaji, wannan ta biza ce kawai, Allah ya sa ba za ka buƙace ta ba." Na buƙace ta, kuma ta fanshe kuɗinta, sai dai ta wahalar da ni a lokacin da ba ni da ƙarfin wahala.

Ranar tafiya ruwa ya tsuge tun la'asar, hanyar Oshodi ta cushe, har sai da na sauka daga motar da ta ɗauko ni daga Idi-Araba na ja akwati cikin taɓo don neman wata. Jirgin da na yi wa wannan gaggawa bai tashi ba sai can tsakar dare. Na rasa wanda zai kai ni Hamburg daga Frankfurt, aka sa ni a na gaba, akwatina kuwa bai biyo ni ba. A nan inshorar ta yi abin yabo, domin da na tura musu takardar rahoton jinkirin kaya da rasitin rigar sanyi da 'yan tufafin da na saya, ba su yi mini gardama ba.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da ni. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san maleriya idan ta zo: sanyi mai kaɗa haƙora, ciwon gaɓoɓi, baki ya yi ɗaci. A Legas da sai in aiki yaro kemis, amma a Jamus ba a sayar da maganinta sai da takardar likita. Wani ɗan'uwa Bahaushe mutumin Kumasi da na sauka a wurinsa ne ya ce, "Yaya, ka kira lambar da ke jikin takardar nan kafin mu je asibiti, in ba haka ba za su ce ba da saninsu ba." Wannan sharaɗi yana cikin ƙananan rubutun shafin ƙarshe, kuma wakilin Ikeja bai taɓa ambata mini shi ba.

Kiran kansa azaba ne. An bar ni ina jira a waya ina rawar ɗari, sannan aka yi ta tambayata lambar inshora da ta fasfo da ranar shigowata, alhali da ƙyar nake ganin rubutu. Wasiƙar lamunin da suka ce za su aika wa asibiti ba ta iso da wuri ba, dole na biya kuɗin farko daga jarin da na zo sarin kaya da shi. Likitocin kam ba su ɓata lokaci ba. Jin cewa daga Najeriya na fito suka ɗebi jini, gwaji ya nuna nau'in falsifarum, wanda shi ne mafi haɗari. Hamburg gari ne da ya daɗe da sanin cututtukan ƙasashe masu zafi, don cibiyar Bernhard Nocht tana aiki a kansu a can tun 1900.

Abin da ya fi ɓata mini rai ya biyo baya, lokacin da kamfanin ya rubuto yana tambaya ko ciwon ba tsohon ciwo ba ne da na taho da shi, tunda inshorar ba ta ɗaukar irin wannan. Tabbas a Legas sauro ya cije ni, amma maleriya kan yi mako ɗaya ko fiye a jiki kafin ta bayyana, saboda haka mutum yana iya hawa jirgi garau bai san yana ɗauke da ita ba. Kamfanin da ke sayar wa 'yan Najeriya inshora bai kamata ya nuna bai san wannan ba. Rahoton likita da ya tabbatar alamun sun fara ne bayan isowata shi ya kashe maganar.

Sun biya ni bayan na dawo, da naira, a kan canjin da ya sa kuɗin bai kai abin da na kashe ba. Zan sake saye a wurinsu, amma kai tsaye ba ta hannun wakili ba, kuma sai sun rubuta mini matsayinsu a kan maleriya kafin in biya.