Wata shida ina adana fayilolin gida da rsync

Tsohuwar kwamfutar da na mayar uwar garke a gida tana ɗauke da bidiyoyin iyali da hotuna da sautuka kusan terabayit 3, waɗanda muke kalla ta Jellyfin, manhajar da ke nuna su a na'urorin gida. Da can duk ƙarshen wata nakan jona faifan waje in kwafe folda ɗungurungum. Aikin kan kwana yana tafiya, wani lokaci ya katse in rasa inda ya tsaya, alhali abin da ya ƙaru a watan bai wuce 'yan bidiyoyi ba.

Wannan wahalar ce ta kai ni ga rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Ba ta da maɓallin latsawa, rubutu ne kawai a baƙin allo. Kafin ta kwafi fayil takan duba girmansa da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Idan sun yi daidai da na faifan ajiya, sai ta tsallake shi. Kwafin farko ya cinye dare guda. Na biyu kuwa, ban tashi daga kujera ba ya gama.

Na daɗe ina ɗauka sai an ƙara -u a cikin umarnin take zaɓar sababbin fayiloli. Ashe ko babu shi tana yin haka. Aikinsa kawai shi ne hana ta danne fayil idan na faifan ajiya ya fi sabunta. Shi kuwa --ignore-existing na yi masa sallama tun da wuri, don da ya ga sunan fayil a can ba ya ko duba shi, ko da na gyara hoton sau goma.

Inda na sha wuya shi ne faifan da ke kan FAT32, wani tsohon tsarin adana fayiloli. Shi yana ƙidaya lokaci da daƙiƙa bibbiyu ne, sai rsync ta riƙa ganin tsofaffin fayiloli kamar sababbi tana sake kwafarsu. --modify-window=1 ya magance wannan, amma tsarin ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, ga shi dogayen bidiyoyina sun zarce haka. Na haƙura na goge faifan na mayar da shi tsarin ext4, wanda ba shi da waɗannan matsalolin.

Sai alamar / ta ƙarshen sunan folda. Rana ɗaya na manta ta, na wayi gari da folda a cikin folda, komai ya ninku. Tun ranar ba na sauya umarni sai na fara gwada shi da -n, wanda ke jero abin da za a yi ba tare da an taɓa komai ba. --delete kuwa, mai goge duk abin da ke ajiya wanda babu shi a kwamfutar, ban yarda da shi ba sam: in yaro ya goge bidiyo bisa kuskure da rana, da dare ya ɓace a ajiyar ma.

Yanzu cron, manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara, ke tayar da rsync kullum ƙarfe 2 na dare. Ƙorafina ɗaya shi ne, in faifan waje bai haɗu da kwamfutar ba, rsync ba ta sani, sai ta zuba komai a faifan kwamfutar har ya cika maƙil. Sau ɗaya hakan ya same ni. Na ƙara layi guda da ke tabbatar da faifan yana nan kafin ta fara, na kuma sa --log-file, mai rubuta abin da ta yi, don in leƙa da safe.