Bedford, Marsandi 911 ko Unimog: wace tsohuwar mota za ka saya?

Duk wanda zai sa kuɗinsa a tsohuwar babbar mota, cesis yake saye. Bodi kafinta zai ɗora, fenti kuma yini guda ne. Ƙarfen nan biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya, wato cesis, su ne motar.

In don neman abinci ne, ni Marsandi 911 zan nuna maka. Jamusawa sun fara ƙera wannan zubi mai gajeren hanci a 1959, ba su daina ba sai 1995. Injinta na gas, OM352 mai silinda 6, babu na'urar da za ta gagari bakaniken ƙauye a cikinsa. Kayan gyaranta kuwa, leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ta ɗauki hatsi da shanu da bodin katako shekara da shekaru, kuma a nan hatsarin yake: lodi ya ci yawancinsu. Shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Duba inda sifirin yake kama cesis, nan take fara tsagewa. In ka ga an liƙa faci da walda an shafe da baƙin mai, ko guduma ta zubo ɓawon tsatsa, tashi ka kakkaɓe rigarka.

Bedford ta Ingila tana da farin jini wajen dattawan direbobi, kuma da gaskiyarsu. An haɗa samfurinta TJ a Apapa tun wajen 1959. RL ta sojan Birtaniya, wadda ta fito a 1953, duka ƙafafunta ke ja, amma fetur take sha, ba kaɗan ba. Kamfanin General Motors, mai Bedford a lokacin, ya sayar da masana'antar da ke ƙera ta a garin Dunstable a 1987, safaya kuma sai an tona. Wadda aka shigo da ita daga Ingila sitiyarinta na dama, alhali Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, don haka tambayi takardu kafin ciniki.

Unimog 404 ta kamfanin Marsandi, da aka ƙera daga 1955 zuwa 1980, cikinta a ɗage yake, cesis ɗinta na murɗawa ya koma daidai, fadama ba ta tsayar da ita. Sai dai bayanta kaɗan ne, ita ma fetur, kuma giyar da ke cikin ƙafafunta in ta lalace ba kowane gareji ke taɓawa ba. Mai gona a lungu ita ta dace da shi.

Kowacce ka zaɓa, kankare lambar cesis ka gwada da ta takarda kafin ka ba da kafin alƙalami.