Dardumar atisayen golf a ɗaki: wacce ya kamata ka saya?

A filin golf mai ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, rabin wannan adadi, wato 36, na fotin ne: tura ƙwallo a hankali a kan girin (wurin mai gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami) har ta faɗa rami, bugu bibbiyu a kowane rami. Shi ya sa wanda wasan ya shiga ransa ba ya daɗewa sai ka ji yana cigiyar dardumar da zai shimfiɗa a falo. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane hoto suke saye. Bayan wata guda sai ka tarar da dardumar a naɗe bayan kujera, ƙura ta rufe ta.

Tun kafin ka duba kaya, duba ƙasan ɗakinka. Ajiye ƙwallo a inda kake son shimfiɗawa, ka ga ko za ta tsaya. Idan ta gangara da kanta, to komai tsadar darduma haka za ta riƙa karkata maka ƙwallo, kai kuma ka dinga gyara hannun da ba shi da laifi. A kan tayil, siririyar darduma tana bin layin da ke tsakanin tayil da tayil, ƙwallo ta riƙa tsalle. Nemi mai kaurin roba a baya. A kan kafet mai laushi kuwa, kowace iri lumewa take yi, gudunta ya ragu.

Iri na farko da za ka fi cin karo da shi shi ne mai tudu a ƙarshe, da kwararon da ke dawo maka da ƙwallo. SKLZ Accelerator Pro na cikin masu sauƙin kuɗi, tsawonta ƙafa 9, da alamomi a ƙafa 3 da 5 da 7. Perfect Practice, wadda ƙwararren ɗan golf na Amurka Dustin Johnson ya yi wa talla, ta fi ta tsada. Tudunta na katako ne, da ramuka biyu, ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. Daɗinsu a fili yake: ba sunkuyo, ba kai da kawowa, cikin minti goma ka buga ƙwallo hamsin. Ga mai ciwon baya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tudun nan yana da illa da masu sayarwa ba sa faɗa. Dole ka ƙara ƙarfi kafin ƙwallo ta hau, kuma ko ka zarce da ƙarfin, bangon baya zai tare ta. Ba za ka taɓa ganin inda da ta tsaya ba. Ka saba da haka, ranar da ka je girin mai santsi sai ka ga ƙwallonka ta wuce rami da ƙafa huɗu, ka dawo kana neman bugu na uku.

Iri na biyu shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu, an zana rami da layuka a jiki. Wellputt ta Faransa tana yin mai mita 3 da mai mita 4, da zanen da ke nuna maka yankin da ya kamata ƙwallo ta tsaya bayan rami. PuttOUT tana da tata, sannan tana da wani ɗan lanƙwasasshen abin roba da ake ajiyewa a matsayin rami: bugu mai kyau ya dawo maka da ƙwallo gwargwadon nisan da da ta wuce, mara kyau ya watsar da ita gefe. Ni wannan iri na fi yarda da shi, don ba ya rufa maka asiri. Wahalarsa ɗaya ce, kai za ka riƙa kwaso ƙwallayenka. Sayi shida ka huta.

Na uku shi ne mai kaurin soso irin na BirdieBall, wanda ake huda wa rami na gaske ƙwallo ta faɗa. Yana da faɗi, kana iya cusa wani abu a ƙasa ka yi masa karkata. Sai dai yana cin wuri, kuma tsinin takalmi ko ƙafar kujera na bar masa tabo. Gida mai yara ƙanana, a yi tunani.

Sai maganar gudu. Za ka ga an rubuta 10 ko 11 a jikin kwali. Awon Stimpmeter ke nan, sandar da Edward Stimpson ya ƙirƙira a 1935: ana sako ƙwallo daga kanta, a auna ƙafa nawa ta yi kafin ta tsaya. Gasannin ƙwararru a Amurka sukan kai 12 ko fiye, filayen kulob na yau da kullum kuwa ba su cika wuce 9 zuwa 10 ba. Kada lamba babba ta ruɗe ka. Zaɓi wadda ta yi kusa da filin da kake bugawa. Wanda ke wasa a girin ciyawa irin na filin golf na IBB a Abuja zai amfana da mai 10. Wanda filinsa na yashi ne da aka cakuɗa da mai, darduma za ta gyara masa saiti kawai, ƙarfin hannu sai a fili.

Duba faɗin ramin ma. Na ƙa'ida inci 4.25 ne, milimita 108. Wanda ya ɗan gaza haka alheri ne, wanda ya fi haka yaudara ce.

Tsawo kuwa, mita 3, wato kusan ƙafa 10, ya wadatar. Ƙwararrun duniya ma daga ƙafa 8 kusan rabi suke zurawa, saboda haka ribar mai koyo tana tsakanin ƙafa 3 zuwa 8. Idan ka samu hali kafin biya, warware dardumar ka ga ko bakinta zai kwanta; mai arha takan riƙe lanƙwasar naɗi har abada. In za ka ajiye, naɗe ta fuskar tana waje, nesa da rana da zafin bayan mota. Lokacin hunturu kuma ƙura na rage mata gudu sosai, sai ka bi ta da buroshi mai laushi kafin ka fara.