Man vetiver ko lavender, wanne zan saya?

Kullum sai an min wannan tambayar, to ga yadda nake gani. Vetiver daga saiwar ciyawa ake tatso shi, dangin jema ce, mafi yawansa daga Haiti da Indonesiya da Indiya yake zuwa, yana da kauri ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ɗigo ɗaya sai ya kwana a matashin kai. Tsada kam yafi lavender, amma kwalba na jimawa. Lavender daga fure ne, mara nauyi, saurin tashi yake kuma wallahi jabunsa yayi yawa a kasuwa. Dukkansu kar a shafa zalla, a sirka da man kwakwa.

Mai son ƙamshi mai nauyi irin na turaren wuta ya ɗauki vetiver, wanda turare mai ƙarfi ke sa wa ciwon kai ko sabon shiga, lavender zai fi masa.