Injin keke: abin da ya sa na bar mai murza taya na koma mai sarƙa

Duk wanda zai ɗora wa kekensa inji, kafin ya tambayi ƙarfin injin gara ya fara tambayar ta inda ƙarfin zai bi ya isa tayar baya. Iri biyu na yi amfani da su a kan keke guda, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Mai murza taya yana zama ne bisa tayar baya, wani guntun ƙarfe mai kaushi yana juyawa yana tura robar. Ɗaura shi ba wuya, kuma a kwalta da rani tafiya sumul. Amma da taya ta taka ruwa ko laka shi ke nan, inji na ta kuka, keke na tsaye. Ga cin taya ba tausayi.

Mai sarƙa kuwa shi ne ɗan Chana da ake tallarsa da sunan 80cc (cc awon girman inji ne), alhali 66cc ne. Fetur da baƙin mai ake gauraya masa, kamar ƙaramin janareto. Yana zama a tsakiyar keke, don haka nauyinsa ba ya rinjayar baya. Sarƙarsa mai lamba 415 tana bi ta hagu zuwa faranti mai haƙora 44 da ke jikin tayar baya. Akwai mai haƙora 36, ya fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma ni da nake ɗaukar buhu ina ratsa yashi, na 44 ya fi mini.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗaurin farantin. Ba a jikin cibiyar taya ake kafa shi ba, a kan wayoyin taya ake matse shi da roba biyu da kusoshi 9. In ya ɗan karkace, sarƙa sai ta riƙa ɗamewa tana sakewa a kowane juyi, daga nan ta zame ko wayoyi su fara tsinkewa. Ƙaramin gargaren da ke ɗame sarƙar ma abin sa ido ne, don girgiza na iya juya shi ya faɗa cikin taya kana tsakiyar gudu. Nawa mai walda ya kafe mini shi.

Sai birki. Robar birkin keke don gudun feda aka yi ta, ba don kilomita 40 a awa ba. In kuɗinka ba su kai ka gyara birki tare da sayen injin ba, ka dakata tukuna.